Gaisuwar da Ta Ci Rijiyar Gidan Illo

Kai mai karatu, kada ka ce ba ka gani ba. In ka taɓa barin kwalta a Dogarawa ka yi arewa, ka ga wata tsohuwar mota a gindin hawan Gidan Illo, ba tayoyi, awaki na kwance a inuwarta. Ka ga mata a jere kamar tururuwa suna hawan dutsin da tuluna a ka. Ka ce Allah sarki, ka ci gaba da ɓare gyaɗarka. Ba ka tambayi direba ba, ba ka tambayi na kusa da kai ba. Ka kau da kai, kamar yadda ka saba. To, tunda ba ka tambaya ba, zauna a faɗa maka.

Motar ta Sallau ce. Ya yi shekaru yana cin rani a Abijan, yana dako a kasuwa har gashin tsakiyar kansa ya zube, sannan ya dawo gida da bashe, wato ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, mai shan gazuwal, wato man dizal. Da ita yake kai albasa Konni, ya kai awaki Malbaza, ya dawo da gishiri da kananzir da duk wanda ya sami wurin rataya ƙafa. Ba mai surutu ba ne. Matarsa Zalika ɗiyar Wakili ce, dattijon da ke riƙe da garin a madadin hakimi.

Gidan Illo a kan dutse yake, kuma rijiyarsa ɗaya. Kakanni suka gina ta, suka ɗaure cikinta da itacen ƙirya don kada ƙasa ta zubo. Itace kuwa komai taurinsa yana da ranarsa. A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, Labo mai ginar rijiya, wanda taubashin Sallau ne, ya sauka da igiya ya duba, ya fito da guntun itace a hannu, ya murje shi a gaban mutane ya zama gari. Ya ce akwai rairayi a tsakiyarta, kuma ruwan sama na farko mai ƙarfi da zai jiƙa rairayin nan shi ne ajalinta.

Wakili bai zauna ba. Da tsufansa ya yi ta zarya tsakanin buro da buro, wato ofisoshin gwamnati, a Konni, yana zama a benci tun safe har a tashi, har dai wani porje, wato shirin tallafi, ya ji ƙansa. Aka kawo siminti, aka zuba manyan zobba a kwari, bakin Maggiya, inda ake samun ruwa da tsakuwa. Zobban nan za a jera a cikin rijiya, ɗaya kan ɗaya, su maye gurbin itacen. Ana gama zuba su wa'adin porje ya cika. Masu porje suka naɗe tabarmarsu, suka tafi da babbar motarsu, suka bar wa gari zobba a kwari da wani remok, wato ƴar tirela ta ƙarfe, da aka ƙera don ɗaukarsu. Tsakanin zobba da rijiya kuwa akwai hawan nan, mai tsakuwa, mai kwana a tsakiya kamar gwiwar hannu.

Zobe ya fi bayan bashe faɗi, sai dai a ja shi a remok. Sallau ya ɗaura ya gwada. A miƙe motar takan daure, amma a kwanar dole ya sassauta, kuma da ya sake taka totur sai ta yi shiru kamar tana shawara, kafin ta amsa nauyi ya riga ya ja ta baya. Ya gwada da gudu, ya gwada a hankali. Da ya ga zai kashe ta a banza, sai ya kwance remok, ya sayar da san nomansa, ya nufi Konni wurin Barmo makanike, mai gareji a bayan tasha.

Barmo ya buɗe gaban motar, ya nuna wani ƙarfe mai kama da katantanwa a jikin injin.

“Ka san wanga?”

“Turbo ne, an ce.”

“An ce! Kai ka tuƙa shi shekara da shekaru, an ce.” Barmo ya yi dariya. “Zugazugi ne, irin na maƙera. Hayaƙin salansa ka juya shi, shi kuma shi hura ma inji iska. Naka ya tsuhwa. Ka taka yau, shi amsa gobe. Akwai wani da na samo Sakkwato, daga motar da ta yi hatsari, ya hi wanga ƙarhi, kuma da ka taɓa totur ya tashi. In na ɗaura maka shi, na ƙara ma famfon gazuwal kaɗan, ko masallaci ka ɗaura a baya sai ta ja.”

Barmo ya yi yini biyu yana aikin, yana lanƙwasa bututu, yana zagin ƙusoshi da iyayensu. Da ya gama suka zagaya bayan gari. Sallau ya taɓa totur, motar ta zabura har kansa ya bugi bayan kujera, ga wani siririn fito yana tashi daga injin kamar kukan shirwa. Ya yi dariyar da rabonsa da ita tun Abijan. Amma da suka dawo gareji ya kai hannu zai kashe, Barmo ya buge hannun.

“Nan ne maganar take, buɗe kunnenka. In wanga abu ya ja nauyi a hawa, cikinsa ja shika yi kamar garwashi. Baƙin mai ka zagayawa shina sanyaya shi. In ka kashe kontak shina da zahi, mai ya tsaya, ya soye a kan sandarsa, ya zama gawayi. Yau kaɗan, gobe kaɗan, wata rana shi ci kansa. In ka hau dutsinku, ka bar inji shina gunaguni gwargwadon yadda za ka yi alwala ka yi azahar. Sannan ka kashe. Ka ji?”

“Na ji.”

“Ko uwarka ta kira ka, ka ce kana zuwa.”

Washegari da hantsi matasan gari suka mirgina zobe na farko a kan remok. Sallau ya yi bisimilla ya kama hawan. A kwanar ya sassauta, ya taka, motar ta amsa nan take, tsakuwa na fallatsa a baya. Mata suka bar surfe suka yi guɗa daga saman dutse. Ya iso ƙarshen hawan zuciyarsa fari ƙal.

Daidai inda hawan ya ƙare, nan ƙofar gidan Wakili take. Akwai wata aduwa, a gindinta yake zama tun Sallau bai san saka wando ba, da dattawa kewaye da shi. Hanya a nan siririya ce, tsakanin katangarsa da rumbunan hatsi, ba ta da wata ƴar'uwa. Kuma a Gidan Illo, mai jaki yakan sauka a nan, mai keke ya sauka ya tura, balle suruki. Suruki zai cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya sa ido a ƙasa, ba ya ɗaga murya, ba ya fara magana, ba ya kawo wata magana bayan gaisuwa.

Sallau ya tsaya, ya ja birkin hannu, ya bar injin yana gunaguni. Ya cire takalmi ya je ya durƙusa.

“Baba, ina kwana.”

Wakili kunnensa ya yi nauyi da tsufa. Ya kare kunne da tafin hannu. “Mi ka ce, ɗana?”

Tanimun, wani dattijo mai bakin tsiya da ba ya rabuwa da gindin aduwar, ya sunkuya ya yi magana da ƙarfi a kunnensa. “Ranka shi daɗe, mota ita ka gaishe ka. Shi rakiya ya yo mata.”

Aka kwashe da dariya. Wakili ma ya yi murmushi, ba da ƙeta ba. Idonsa na kan zoben, har da ƙwalla. Ya ce ya yi wa kansa alkawari, ba zoben da zai shiga rijiyar kakanninsa sai ya yi masa addu'a. Ya ɗaga hannuwa. Kowa ya ɗaga. Sai suka tsaya a haka, suna jira, idanu suna komawa kan motar da ke ta gunaguni.

Sallau ya gane abin da ake jira. Ya tashi a sunkuye, ya je ya kashe.

Addu'ar Wakili ba gajera ba ce. Ya fara da Annabi, ya bi ta kan waɗanda suka gina rijiya da sunayensu, ya roƙa wa gari, ya roƙa wa Labo da zai shiga rami, ya roƙa wa direba da motarsa. Ana cewa amin, amin, shi kuwa Sallau abin da yake ji shi ne ƙarfe mai zafi yana ƙas, ƙas, a cikin gaban motar. Bayan an shafa aka shiga tambayar hanya da gajiya. Kafin ya sake tayar da inji, abin da Barmo ya ce kada a yi an riga an yi.

Ya ce wa kansa sau ɗaya ba zai yi komai ba. Amma zobba da yawa ne, kuma ɗaya-ɗaya remok yake ɗauka. Labo na can cikin rijiya yana cire ruɓaɓɓen itace daga ƙasa, yana jera siminti yana tahowa sama. Kowane zobe sai ya bi ta ƙofar Wakili.

Sallau ya yi tunanin tsayawa kafin ƙarshen hawan ya bar injin ya huce, amma birki ba zai riƙe wannan nauyi a gangare ba. Ya yi tunanin wucewa ya dawo da ƙafa ya gaida, amma wanda ya wuce surukinsa a zaune bai tsaya ba, gara ya kwashe kayansa ya bar garin. Sai ya nufi Zalika da safe, tana daka a tsakar gida.

“Ke, magana nika so ki kai ma Baba.”

Ya yi mata bayani, tana ji, taɓarya a tsaye a hannunta. Ba wawuya ba ce, ta gane sarai.

“Maigida, in tahi in ce mishi mi? In ce mijina ya ce addu'arka na ɓata mishi mota?”

“Ba haka na ce ba.”

“Haka za a ji ta. Kahin azahar ta kai bakin rijiya, an ce Sallau ya yi mota ya hi ƙarhin gaisuwa, ya aiko matarsa ta hwaɗa ma ubanta. Ni ban taɓa kallon idon Baba ba tun da na yi wayo.” Ta ɗaga taɓarya ta sauke. “Zan gwada Inna.”

Inna ta ce maganar mota ta maza ce, kuma a bar tsoho da abin da ke faranta masa rai.

Ya je wurin Liman bayan la'asar. Liman ya saurara da kyau, har ya yi tambayoyi, ya ce lalle maganar tana da kan gado, kuma addini bai ce sai an kashe inji ake amsa addu'a ba. Ya ce a bar masa, zai sami lokacin da ya dace ya sanar da Wakili cikin hikima. Kullum kuwa Liman na gindin aduwar, hannuwansa a sama tare da na kowa. In sun haɗa ido da Sallau sai ya ɗan gyaɗa kai, wato yana sane, lokacin ne bai yi ba. Lokacin da ya dace! Garuruwa nawa wannan kalma ta binne a ƙasar nan?

Wata rana Sallau ya yi dabara, ya daidaici lokacin da Wakili ke shiga gida ya ɗan kishingiɗa, ya wuce da zobe kai tsaye bakin rijiya, ya bar injin ya huce yadda ya kamata. Ran nan ya ji sanyi a ransa. Da yamma aka gaya wa tsohon. Ya sa aka riƙe masa hannu har bakin rijiya, ya leƙa, ya yi addu'arsa a kan zoben da an riga an saukar, sannan ya ce da Tanimun, a hankali, ashe tsufa abin gudu ne. Maganar ta zagaye gari. Zalika ta yini ba ta ci abinci ba. Sallau bai sake ba.

Labo ne kaɗai ya buɗe baki, shi ma ta hanyar da ya iya. Taubashi yana da izinin faɗin abin da ya ga dama. Ran nan ya biyo motar daga kwari, da Sallau ya kai hannu zai kashe sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Jama'a, ku ji tausan bawana! Motarsa amarya ce ƴar Sakkwato. An ce in ta yi gumi ba a kwantar da ita sai ta sha iska, in ba haka ba cikinta ya ƙone. Ku bar ta ta yi kukanta, mu yi addu'armu!”

Dattawa suka yi dariya har da riƙe ciki. Tanimun ya ce to a kawo mata mahuci da lalle. Wakili ya ga ana dariya, ya tambaya mene ne, aka ce masa Labo ne ke taɓa taubashinsa. Ya yi murmushi ya ɗaga hannuwa. Sallau ya kashe.

Duk wanda ke gindin aduwar ran nan ya ji, kuma ya gane. Cikinsu akwai waɗanda suka yi Legas, akwai wanda ya yi aiki a gidan siminti, akwai malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya zo sauraron rediyo. Mutum ɗaya ne bai ji ba, kuma shi kaɗai ne zai iya cewa a bari.

Fiton motar ya fara sauyawa. Da siriri ne, yanzu ya koma kamar ana wasa wuƙa a kan dutse. Hayaƙi mai shuɗi ya fara bin ta, baƙin mai yana raguwa ba tare da ya ɗiga a ƙasa ba. Ranar kasuwar Konni Sallau ya kai ta gareji. Barmo ya cire bututu, ya zura yatsa ya girgiza ƴar farfelar da ke ciki, ta yi lako-lako. Fuskarsa ta ɓaci.

“Kana kashe shi da zahi.”

Barmo ya jefar da bututun.

“Ban hwaɗa maka ba? Kai jaki ne? Wa ka sa ka?”

“Surukina. Ƙoharsa na bakin hawan. Addu'a shika yi ma kowane zobe.”

Barmo ya buɗe baki zai ci gaba da faɗa, sai ya rufe. Ya ɗauki tsumma ya goge hannuwansa yatsa bayan yatsa.

“To,” ya ce. “Wagga ba ni da sufanarta.” Ya ce wani turbon ba ya samuwa yanzu ko da an sayar da gona, tun da sefa ta faɗi kayan mota sun yi fiffike. Ya canja masa mai, ya ce ya lallaɓa, Allah ya sa ya kai.

Zafi ya kai inda ya kai. Da yamma gabas takan yi duhu, a ga walƙiya can nesa wajen Madawa, iska ta kawo ƙanshin ƙasa. Labo ya riga ya jero siminti har gab da rairayin, ya cire itacen wurin don ya sami hanyar saukar da na gaba. Zobba kaɗan suka rage. Sallau yana zuwa kwari tun da asuba, yana hawa, yana durƙusawa, yana kashewa, yana jin ƙas, ƙas, yana cewa amin. Wani lokaci yakan ji maganar ta taho har maƙogwaronsa. Sai ya ga ƙafafun tsohon a kan buzu, busassu, masu faso, ƙafafun da suka yi zaryar Konni saboda rijiyar nan, sai maganar ta koma.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne. Ya sassauta a kwanar, ya taka. Fiton ya tashi sama, ya yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a kwano, sannan wani abu ya fashe a gaban motar. Farin hayaƙi ya turnuƙe. Ƙarfinta ya tafi gaba ɗaya. Remok ya fara jan ta baya, birki na kuka, tayoyi na zamewa a kan tsakuwa. Sallau ya karya kan motar da gangan ya jefa remok jikin dutse, don kada ya gangara kan matasan da ke biye a ƙasa. Zoben ya tsinke igiya, ya faɗi, ya rabe gida uku. Injin ya yi tari ya mutu. Ya haɗiye gutsattsarin farfelar.

Gari ya gangaro. Wakili ma ya gangaro, da sanda, ana riƙe da shi. Ya taɓa kan Sallau, ya gode wa Allah da ba a rasa rai ba. Sannan ya tambaya, me ya sami motar, ba sabon ƙarfe aka sa mata ba?

Tanimun ya ce ƙaddara ce. Liman ya ce haka Allah ya so.

Labo ya fito daga rijiya ke nan, jikinsa duk laka. Wannan karon ba wasa a bakinsa. Ya matsa kusa da kunnen tsohon, ya yi magana da ƙarfin da duk hawan ya ji.

“Baba Wakili, kashe ta da aka yi ƙoharka, shi ya cinye ta. Makanike ya ce in ta hau dutsi a bar inji shi huce kahin a kashe. Kullum ana kashewa don a yi addu'a.”

Wakili ya tsaya kamar bai ji ba. Amma ya ji. Ya juya wurin Sallau, wanda ya riga ya durƙusa a kan tsakuwa.

“Ɗana, ka san haka?”

“Awo, Baba.”

“Tun yaushe?”

“Tun ran da aka ɗaura shi.”

“To mi ya hana ka hwaɗa mini?”

Sallau ya buɗe baki. Ga tsohon ya tambaya da kansa, ga mutane sun yi tsit, ba sauran abin da za a ɓata. Duk da haka abin da ya fito shi ne, “Ka yi haƙuri, Baba.”

Wakili ya bi fuskokin abokan zamansa da kallo ɗaya bayan ɗaya. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Malamin lakwal ya sami abin dubawa a agogonsa. Nan tsohon ya gane cewa shi kaɗai aka bari a duhu.

“Da kun bar ta tana kukanta,” ya ce. “Ni ne kurma. Allah ba kurma ba ne.”

Ya ƙi a riƙe shi, ya juya ya kama hawan shi kaɗai, yana tsayawa yana hutawa.

Aka gyara remok da guduma, aka ɗaura masa shanu. Amma shanun ƙarshen rani ƙashi ne da fata, a kwanar suka durƙusa, duka bai tashe su ba. Aka aika Malbaza neman babbar mota, masu ita suka ji sunan hawan suka ce sai bayan damina. Maza suka taru da igiyoyi, wasu na ja daga sama, wasu na turawa, wasu na sa duwatsu a baya. Sallau na tsakiyarsu, kafaɗarsa ta saɓule har jini. Yini guda suka kai zobe ɗaya, Labo ya saukar da shi. Washegari suka kama na biyu. Suna tsakiyar hawan iska ta juya, gabas ta yi baƙi ƙirin, kaji suka ruga cikin rumbuna.

A kowace shekara in ruwan farko ya sauka, yara kan fito tsirara suna tsalle, tsofaffi na hamdala. Ran nan mutanen Gidan Illo sun tsaya a cikin ruwa kewaye da rijiyarsu, sun shimfiɗa tabarmi da buhuna a bakinta, sun yi mata ganuwa da ƙasa. Ruwa bai kula ba. Ya bi ta ƙarƙashi ya sami rairayin. Labo ya kasa kunne, ya ce kowa ya ja baya. Aka ji wani nishi daga cikin ƙasa, bakin rijiyar ya karkata, ya zauna. Itacen guga da aka kafa tun zamanin kakanni ya bi shi. Siminti da addu'a da san Sallau da zaryar Wakili, duk suna ƙarƙashi.

Sallau ya zauna a cikin taɓo, ruwa na dukansa, ba wanda ya ce masa ya tashi. Ba wanda ya zarge shi. Gari ma yabonsa ya yi, aka ce yaro ne mai kunya, ya san girman suruki, irinsa ake so a ba ɗiya. Da damina ta wuce tafkuna suka ƙafe, Zalika ta ɗauki tulu ta bi sauran mata zuwa kwari, da ciki wata bakwai. Wakili bai sake zama a gindin aduwar ba. Sallau kuma da aka yi girbi ya ɗaure ƴan tsummokaransa ya koma dako.

Kada ka ce mini ƙaddara ce. Ƙaddara ba ta zauna a gindin itace tana dariya ba, mutane ne suka zauna. Kada kuma ka ɗora wa tsohon, shi ya fi kowa son ruwan nan. Ladabin da zai bar babba cikin jahilcin abin da ke kashe garinsa ba ladabi ba ne, tsoro ne aka naɗa wa rawani. Kai ma a garinku akwai maganar da kowa ya sani, mai shayi ya sani, matan bakin famfo sun sani, kai da ka yi lakwal ka fi kowa sani, mutum ɗaya ne ba a gaya wa ba, kuma shi ne mai ikon gyarawa. Ka san maganar, ka san mutumin. Ajiye takardar nan, ka tashi ka same shi kafin rana ta faɗi. Ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka faɗa masa, da muryar da zai ji.